Daga Jadu zuwa Auschwitz: wuraren tunawa da kisan Yahudawa da abin da mai ziyara zai tarar

Kowace ranar 27 ga watan Janairu, gidajen rediyon ƙetare da ake saurare a Damagaram da Gure sukan kawo rahoton taron tunawa da ake yi a Auschwitz, cikin ƙasar Polan. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta keɓe ranar a 2005, domin ran nan ne a 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga sansanin. Abin da ake tunawa shi ne kisan Yahudawa kimanin miliyan 6 da gwamnatin Hitler da masu taya ta suka yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Faransanci an fi ce masa Shoah, kalmar Ibrananci mai nufin halaka.

Mai saurare a Garazu, babban garin komin ɗin Alakos, zai iya ɗauka cewa zance ne na Turawa tsakaninsu, can ƙasar ƙanƙara. To amma wani reshe na tarihin ya ratsa hamada. Sansanin da ya fi cin rayukan Yahudawa a Arewacin Afirka yana Libiya, ƙasar da samarin Alakos da Kutus da Damargu ke zuwa ci-rani. Akwai kuma jerin sansanoni a Aljeriya da Maroko da aka kafa domin shimfiɗa wani layin dogo mai ɗauke da sunan kogin Neja, wanda aka tsara reshensa ɗaya zai ƙare a Yamai.

Kalmomi uku da ake yawan ji

Geto unguwa ce da ake tilasta wa Yahudawa zama a ciki. Kalmar ta samo asali daga birnin Venise na Italiya a 1516, amma ƴan Nazi sun mai da ita kurkukun gari: katanga ko waya mai ƙaya, jami'an tsaro a ƙofa, abinci da awo, wanda ya fita ba izini kuma a harbe shi. Na biyu shi ne jigilar mutane, abin da Faransawa ke kira déportation, wato a kwashe su cikin taragon dabbobi a yi kwanaki da su ba ruwa. Na uku shi ne wurin kisa. Wani rami ne a bayan gari, kamar Babi Yar a Kiev, inda aka harbe mutum 33,771 cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumban 1941. Wani kuma sansani ne mai ɗakunan iskar guba, irin su Treblinka da Sobibor da Belzec da Birkenau. Kusan duk wuraren tunawa na yau suna kan ɗaya daga cikin matakan nan uku.

Jadu, a duwatsun Nafusa

Dangantakar ƙasar Damagaram da Yahudawan Libiya ta girmi yaƙin. A ƙarni na 19, gashin jimina da fatu da ayari ke ɗauka daga Damargu da kewaye sukan bi ta Abzin da Gat da Gadamas har Tarabulus, inda gidajen kasuwancin Yahudawa ke saye, su zaɓe, su aika London da Paris. Jiminar ta kusa ƙarewa a daji, sai ƴan kaɗan da ake kiwo a Kelle. Yahudawan Libiya kuwa ko ɗaya bai rage a ƙasar ba.

Italiya ce ke mulkin Libiya tun 1911, kuma ba a kan Yahudawa ta fara gwada sansani ba. Daga 1930 zuwa 1933 Janar Graziani ya kwashe Larabawan Barƙa kimanin dubu 100 da dabbobinsu ya tsare su a wurare kamar Suluk da Al-Agaila, domin ya raba mayaƙan Sanusiyya da masu ba su abinci. Dubun dubata suka mutu. A Suluk ɗin ne aka rataye Umar Mukhtar ranar 16 ga Satumban 1931, a gaban tsararrun da aka tara su kallo.

A 1938 Mussolini ya kafa dokokin wariya a kan Yahudawa. Da yaƙi ya ɓarke, birnin Bangazi ya riƙa sauya hannu tsakanin Ingila da Italiya, sai aka zargi Yahudawan birnin da yi wa Ingilishi maraba. A watan Fabrairun 1942 Mussolini ya ba da umarnin kwashe su daga yankin Barƙa baki ɗaya. An loda iyalai daga Bangazi da Darna da Tobruk da Al-Marj a manyan motoci, aka yi kwanaki a hanya, aka sauke su a wani tsohon barikin soja a Jadu, wanda Italiyawa ke rubutawa Giado, kudu maso yamma da Tarabulus. Mutum kimanin 2,600 aka tara a nan. Zauruka ne dogaye, iyali da iyali ba abin da ya raba su sai bargon da aka rataya. Rabon burodi na yini bai wuce gram 150 ba. Maza kuma suna aikin ɗaukar duwatsu da share shara. Yunwa ta raunana mutane, daga nan zazzaɓin tifus da kwarkwata ke yaɗawa ya shiga. Mutum 562 suka mutu, wato sama da ɗaya cikin biyar. Sojojin Ingila sun iso ranar 24 ga Janairun 1943, amma saboda annobar sai da aka yi watanni kafin a sallami kowa. Wasu Yahudawan Libiya masu takardun Ingila kuwa an tsallaka da su Italiya, daga can wasu suka ƙare a Bergen-Belsen ta Jamus.

Wanda ya je Jadu yau zai tarar da garin Amazigawa a kan dutse, da kasuwarsa da masallatansa. Ba zai tarar da gidan tarihi ko allon sunayen mutum 562 ba. Dalilin a fili yake: waɗanda za su riƙe wurin sun tafi. Bayan tarzomar Tarabulus ta Nuwamban 1945, wadda aka kashe Yahudawa sama da 100 a cikinta, fiye da dubu 30 sun bar ƙasar tsakanin 1949 da 1951, sauran suka fice a 1967, kuma tsohuwar da ta rage ta bar Libiya a 2003. A 2011, bayan faɗuwar Gaddafi daga Tarabulus, wani ɗan asalin birnin da ya tashi a Italiya, David Gerbi, ya dawo ya fara share tsohon wurin ibadar Dar Bishi. Cikin ƴan kwanaki aka tilasta masa barin ƙasar. Masu tunawa da Jadu yanzu jikokin tsararrun ne a Roma da Isra'ila.

Dogon da bai iso Yamai ba

Bayan Jamus ta ci Faransa a watan Yunin 1940, gwamnatin Mareshal Pétain da ke zaune a Vichy ta fitar da nata dokokin kan Yahudawa ranar 3 ga Oktoba, ba tare da Jamusawa sun sa mata wuƙa a wuya ba. Kwana huɗu bayan haka ta soke dokar Crémieux ta 1870, lamarin da ya raba Yahudawan Aljeriya sama da dubu 100 da zama ƴan ƙasar Faransa a dare ɗaya.

A watan Maris na 1941 Pétain ya sa hannu a kan dokar gina layin dogon Méditerranée-Niger, wanda ake taƙaitawa Mer-Niger. Tsohon mafarkin ƴan mulkin mallaka ne: jirgi ya taso daga gaɓar Bahar Rum, ya bi ta Bu Arfa da Colomb-Béchar da Adrar, ya ratsa Tanezruft, sannan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Segu, ɗaya ya nufi Yamai. Ma'aikatan farko ba haya aka yi su ba. Akwai ƴan jamhuriyar Sifen da suka gudo daga Franco, akwai ƴan kwaminis, akwai kuma Yahudawan Jamus da Ostiriya da Polan waɗanda suka shiga rundunar baƙi ta Faransa a 1939 domin su yaƙi Hitler. Ladan da suka samu shi ne aka tuɓe musu kaki aka miƙa musu diga da shebur.

Sansanonin sun jeru a bakin dogo da ma'adinan kwal: Berguent, wanda yau ake kira Ain Beni Mathar, da Tendrara da Bu Arfa a Maroko, Colomb-Béchar da Kenadsa da Hadjerat M'Guil a Aljeriya. Can gabas, a tudun Djelfa, akwai wani da marubucin Sifen Max Aub ya zauna a ciki har ya rubuta waƙoƙi a kansa. A Bedeau kuma aka tsare sojojin Aljeriya Yahudawa. Hukuncin da waɗanda suka tsira suka fi ambata shi ne wanda ake kira tombeau, wato kabari: rami daidai tsawon mutum, a kwantar da shi a ciki kwana da kwanaki, rana ta gasa shi, sanyin dare ya kama shi, in ya motsa a jefe shi ko a doke shi. Duk wanda ya taɓa kwana a Tenere lokacin hunturu ya san abin da hakan ke nufi.

Ya kamata a faɗi bambancin. Waɗannan ba masana'antun kisa ba ne irin na Polan, babu iskar guba, kuma yawancin tsararrun sun fita da rai. Amma an kashe mutane da duka da ƙishirwa, har a farkon 1944 wata kotun soja a Aljas ta yi wa jami'an Hadjerat M'Guil shari'a, ta yanke wa huɗu hukuncin kisa, aka zartar a kan biyu. Wani abin lura kuma shi ne, ko da Amurkawa da Ingilishi suka sauka Arewacin Afirka a Nuwamban 1942, ba nan take aka buɗe sansanonin ba, sai cikin 1943. Dokar Crémieux ma sai a watan Oktoba na shekarar ta dawo.

Dogon bai wuce Abadla ba, kudu kaɗan da Béchar. Yamai ta jira har 2014 kafin ta ga an shimfiɗa mata ƙarfe zuwa Doso, shi ma bai taɓa ɗaukar fasinja na yau da kullum ba. A ɓangaren Maroko, kangayen Tendrara suna nan tsaye a gefen layin Oujda zuwa Bu Arfa, ba rufi, ba mai gadi. Jirgin ƴan yawon buɗe ido kan bi layin jefi-jefi, kuma an ɗauki wani yanki na fim ɗin James Bond na 2015 a kansa. Masana irin su Robert Satloff, wanda littafinsa ya fito a 2006, da Aomar Boum ɗan Maroko, su ne suka bi sawun wuraren suka dawo da sunayensu cikin zance.

Tunisiya ce kaɗai Jamusawa suka mamaye da kansu, daga Nuwamban 1942 zuwa Mayun 1943. Jami'in SS Walter Rauff, wanda ya yi aikin ƙera motocin kisa da hayaƙi a Turai, ya sa Yahudawa kimanin 5,000 aikin tilas, aka kuma karɓi zinariya kilo 43 daga hannun Yahudawan tsibirin Jerba. A maƙabartar Borgel da ke Tunis akwai ginin tunawa da matattun, kuma shi ne wuri mafi sauƙin kaiwa a duk yankin.

Ita kanta Nijar a shekarun nan ƙarƙashin Vichy take. Gwamna Janar Pierre Boisson ya riƙe Afirka ta Yamma ga Pétain har Nuwamban 1942, alhali Cadi ta Félix Éboué ta bi de Gaulle tun 26 ga Agustan 1940, Najeriya kuma tana hannun Ingila. Damagaram da Gure da Ngigmi suka zama bakin iyaka tsakanin abokan gaba. Dokokin kan Yahudawa sun shafi yankin a takarda, sai dai Yahudawan kaɗan ne ƙwarai, akasarinsu a Dakar. Abin da talakan Alakos ya gani shi ne ƙarin aikin tilas da ƙwacen hatsi da raƙuma, wanda ba a haramta ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilun 1946.

Warso da Treblinka

A Turai labarin ya sha bamban, domin an adana wurare, an kafa alamu. Geton Warso, Varsovie a Faransanci, shi ne mafi girma. An rufe shi ranar 16 ga Nuwamban 1940, da mutum sama da dubu 400 a cikin fili da bai kai murabba'in kilomita 4 ba. Kafin a fara jigila, yunwa da cuta sun riga sun kashe fiye da dubu 80. Daga 22 ga Yulin 1942 zuwa watan Satumba aka kwashe kimanin dubu 265 zuwa Treblinka. Cikinsu har da likitan yara Janusz Korczak, wanda ya ƙi rabuwa da marayu kusan 200 da yake riƙo, ya shiga tarago tare da su. Ranar 19 ga Afrilun 1943 ƴan ɗaruruwan matasa ƙarƙashin Mordechai Anielewicz suka ɗauki ƴan bindigogin da suka samu, suka yi kusan wata guda suna faɗa. Jamusawa suka ƙone unguwar gida-gida, ranar 16 ga Mayu kuma suka tarwatsa babban wurin ibadar birnin da nakiya.

Saboda haka mai ziyara ba zai ga geton ba, sabuwar unguwa ce aka gina a kan ɓaraguzansa. Abin da zai bi shi ne alamu. Akwai guntayen katanga a bayan gidaje a titunan Sienna da Zlota, da layin ƙarfe a daɓen titi mai nuna inda katangar ta bi. Akwai tudun Mila 18, inda Anielewicz da mutanensa suka mutu a maɓoyarsu. Akwai Umschlagplatz, tashar lodin mutane, inda aka zana sunayen yanka ɗaruruwa a farin dutse a madadin waɗanda suka wuce ta nan. A gaban gidan tarihin POLIN, wanda aka buɗe a 2013, akwai ginin tunawa na 1948 inda shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ya durƙusa a kan gwiwoyinsa ranar 7 ga Disamban 1970. Amma abin da ya fi cancantar a ba shi lokaci shi ne kundin Emanuel Ringelblum. Wannan masanin tarihi ya haɗa wata ƙungiyar asiri a cikin geton, suka riƙa tara wasiƙu da katin rabon abinci da rubutun ƴan makaranta da shaidar waɗanda suka kuɓuto daga wuraren kisa, suka binne cikin akwatunan ƙarfe da garewanin madara. An tono kashi ɗaya a 1946, wani a 1950. Sun san ba za su rayu ba, sai suka yi dabarar da za ta sa ba makasansu kaɗai za su ba da labarin ba.

Treblinka na arewa maso gabas da Warso, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. An kashe mutum tsakanin dubu 700 da dubu 900 a nan cikin wata goma sha biyar. Da suka gama, ƴan Nazi suka rushe komai, suka yi huɗa, suka gina gidan gona a kai. Tun 1964 fili ne a tsakiyar daji da duwatsu 17,000 a tsaye, wasu ɗauke da sunan garuruwan da aka shafe al'ummarsu. Dutse ɗaya tak ke ɗauke da sunan mutum, na Korczak.

Auschwitz

Sunan garin a harshen Polan Oswiecim, kimanin kilomita 70 yamma da Krakow. An kawo mutum miliyan 1.3, miliyan 1.1 suka mutu, kusan miliyan 1 daga cikinsu Yahudawa, sauran kuma ƴan Polan da Romawa, wato Tsigan, da fursunonin yaƙi na Sobiyet. A tsakanin Mayu da Yulin 1944 kaɗai an kawo sama da dubu 400 daga Hangari. Gidan tarihi ne tun 1947, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979. A 2019 mutum miliyan 2.3 suka ziyarce shi.

Wuri biyu ne. Auschwitz na ɗaya tsohon bariki ne na jan bulo. A nan ake ganin tulin takalma da tabarau da akwatuna masu sunan masu su, da kusan tan 2 na gashin mata da aka aske, wanda ba a yarda a ɗauki hotonsa ba. Birkenau kuwa, kilomita 3 daga nan, fili ne da ido ba ya kai ƙarshensa, da dogon da ya shiga ta ƙarƙashin hasumiya har bakin ɗakunan gas, waɗanda Jamusawa suka fasa kafin su gudu. Ɗan jagora zai ambaci wata kalma da kan ba Musulmi mamaki: a yaren sansanin, wanda yunwa ta cinye har ya daina motsi ana ce masa Muselmann, kuma har yau masana ba su daidaita kan asalin wannan laƙabi ba. Cikin ƴan Afirkan da aka tsare a nan akwai Victor Young Perez na Tunis, zakaran damben duniya a 1931, wanda aka harbe a tattakin mutuwa na Janairun 1945.

Daga Drancy aka kawo Perez. Ga ɗan Nijar da ya samu kansa a Paris, nan ne ya fi kusa. Rukunin gidajen haya ne a arewa maso gabashin birnin, kuma har yau akwai mutane a cikinsu. Daga nan aka tura kimanin dubu 63 cikin Yahudawa dubu 76 da aka kwasa daga Faransa. Akwai tarago guda a tsakar gidajen, da gidan tarihi da aka buɗe a 2012. Ƴan sandan Faransa ne, ba Jamusawa ba, suka kama mutum 13,152 a ranakun 16 da 17 ga Yulin 1942, sama da 4,000 yara, a samamen da ake kira Vél d'Hiv. Sai a 1995 Jacques Chirac ya amsa laifin da sunan ƙasa. A unguwar Marais kuma akwai Mémorial de la Shoah, da katangar da aka zana sunayen mutum dubu 76 ɗin.

Ladabin ziyara da hanyar zuwa

Shiga Auschwitz kyauta ne, amma sai an kama wuri ta intanet da sunan da ke fasfo, kuma ɗan jagora ana biyansa. Akwai masu Faransanci. Hukumar wurin ba ta ba da shawarar a kai yaro ƙasa da shekara 14 ba. A ware awa uku da rabi aƙalla, a kuma tanadi rigar sanyi ta gaske in tsakanin Nuwamba da Maris ne. Mémorial na Paris ba ya buɗewa ran Asabar. Ana ɗaukar wuraren nan a matsayin maƙabarta: ba ci, ba taba, ba ɗaga murya, ba hoton dariya a kan dogo. A maƙabartun Yahudawa namiji yakan rufe kai, hula ko rawani sun wadatar, kuma al'adarsu ɗora ƙaramin dutse a kan kabari. Musanta aukuwar kisan a bainar jama'a laifi ne a dokokin Faransa da Jamus da Polan.

Ana tambaya ko Musulmi na zuwa. Suna zuwa. A Janairun 2020 babban sakataren Rabitar Duniyar Musulmi, Muhammad al-Issa, ya jagoranci malamai zuwa Birkenau, suka yi salla a wurin. Tarihin ma ya haɗa da likitan Masar Muhammad Helmy da ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya a Berlin, da iyalan Albaniya da suka ɓoye baƙi saboda amana, kamar yadda ya haɗa da Muftin Ƙudus Amin al-Husaini da ya gana da Hitler a Nuwamban 1941. Zancen Gaza kuwa ba ya rasa tasowa a fadar shayi duk lokacin da aka ambaci Shoah. Korar Falasɗinawa kimanin dubu 700 a 1948 gaskiya ce, abin da ke faruwa da su yau ma duniya na gani. Amma yaran da suka mutu a Jadu a 1942 sun mutu shekara shida kafin a kafa Isra'ila, kuma ba su ƙwace gonar kowa ba.

Babbar matsalar ita ce biza. Ta Schengen guda ta isa Faransa da Jamus da Polan, sai dai tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairun 2024 samunta ya ƙara wuya. Gidan tarihin Auschwitz ya fara zagaye kai tsaye ta intanet da ɗan jagora a 2024, abin da malamin lakwal mai ingantaccen layi zai iya nema wa ɗalibansa. A cikin Afirka akwai cibiyoyin Kef Tawun da Johannesburg, da wurin tunawa na Gisozi a Kigali, inda aka binne mutum dubu 250 na kisan Tutsi na 1994, kuma yana da sashe a kan Shoah. Libiya kuwa, halin tsaronta bai sa a ba kowa shawarar ya bar aikinsa ya hau duwatsun Nafusa neman kango ba.

Kaburburan da suka shafe mu

Aƙidar da ta cika taragun Treblinka ta taɓa baƙar fata kai tsaye. A Mayu da Yunin 1940 sojojin Jamus sun ware tirayar Afirka daga fursunoni farare suka harbe su a wurare da dama. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta mutum 1,500 zuwa 3,000. Kyaftin Charles N'Tchoréré ɗan Gabon an harbe shi a Airaines ranar 7 ga Yuni domin ya ƙi a raba shi da sauran hafsoshi. A Chasselay, arewa da Lyon, akwai maƙabarta mai jan gini irin na Sudan da ake kira Tata, inda tirayar 188 ke kwance, da yawa ba suna. Ana ce musu ƴan Senegal, amma daga duk Afirka ta Yamma ta Faransa aka ɗebo su.

A gida kuma, mai bin babbar hanya daga Gure zuwa Yamai yana ratsa wuraren da rundunar Voulet da Chanoine ta bi a 1899. Wannan ba Shoah ba ce, manufarsu da girmansu daban ne, amma tambayar adana wuri ɗaya ce. Rundunar ta ƙone Lugu ta Sarauniya a watan Afrilu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu, ta rataye mata da yara a ƙauyukan da ke gaba, kafin Voulet ya sa a kashe Kanar Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, sojojinsu kuma su kashe kyaftin ɗin biyu kwanaki kaɗan bayan haka. Ragowar rundunar ce ta ci Damagaram a ƙarshen watan. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya naɗi muryar jikokin waɗanda abin ya faɗa wa, garin bayan gari. Sunayen matattun suna bakin tsofaffi, ba a tattara su a dutse ko a kundi ba. Kaburburan da ake nuna wa baƙo a Maijirgi, kusa da Tasawa, na Voulet da Chanoine ne.